Yadda Ido-Biyu Ya Koma Baba Sanyi

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, ina kuma roƙonsa Ya tsare ni daga ƙarin gishiri, don uwarku Ladi na nan da ranta, za a karanta mata, kuma ba ta taɓa barin kuskurena ya kwana ba.

Ku 'ya'yana da jikokina, har da surukan da suka shigo suka tarar ana ce mini Baba Sanyi suka kama ba su tambaya ba, na ji yadda kuke fassara sunan nan a bayan idona. Wasu sun ce don sanyin halina ne. Wannan fassara ta yi mini daɗi, sai dai duk wanda ya taɓa taka mini tabarmar salla da takalmi ya san ba gaskiya ba ce. Wani jikana ya ce wai na taɓa sayar da ƙanƙara a Babbar Kasuwa. Ban taɓa ba. Amma abin da ya sa na nemi biro da tabarau shi ne maganar da aka yi bara a wajen wani suna a nan Rafin Guza, cewa wai an taɓa kama ni da satar magani a asibiti, likita ya rufa mini asiri saboda tsufa. To, wannan kam ba zan shiga kabari in bar muku ita ba. Bokona a aji huɗu ya tsaya, can Malumfashi, saboda haka in kun ga harafi ya karkace ku miƙar da shi, amma maganar ciki a miƙe take.

Shekara ashirin da shida na yi ina gadin ƙofa a wani asibiti mai zaman kansa a Unguwar Shanu. Ba zan faɗi sunansa ba, mai shi ya yi mini halacci, Dokta kawai zan riƙa ce masa. Aikin rana nake yi, daga safe zuwa magariba. Mutane na ɗauka gadi zama ne a kan benci da sanda da rediyo. Ba su sani ba, ilimi ne mai zurfi, kuma duk zurfinsa tambaya biyu ce. Ta farko: wane ne kai? Ta biyu: wa ya ce ka shiga nan? Mai gadin da ya iya ta farko kaɗai bai fi mai gaisuwa a bakin hanya ba. Na tuna ranar da yayan Dokta, uwa ɗaya uba ɗaya, mutumin da na ci goronsa ba adadi, ya zo da babbar riga yana neman kutsawa ɗakin haihuwa, don matar ɗansa na ciki. Na gitta masa sanda.

"Isuhu, ba ka gane ni ba ne?"

"Na gane ka sarai, Alhaji. Har hular da ka sa ranar Juma'a zan iya kwatanta maka. Amma ganewa daban, shiga daban."

Ya yi fushi, ya kai ƙarata, Dokta ya ƙara mini girma. Tun daga nan nake ɗaukar kaina wani abu. Ga kuma suna da na yi na rashin barci a bakin aiki, har ake ce mini Isuhu Ido-Biyu. Sunan nan na riƙe shi kamar sarauta. Saboda shi ne, Allah Ya yafe mini, na kai ƙarar wani abokin aikina, Garba, Bazamfare magidanci mai 'ya'ya huɗu, da na kama yana gyangyaɗi har sau uku. Aka sallame shi. A lokacin ko gezau ban ji ba. Ku riƙe sunan Garba, zai dawo.

Shekarar da nake son ba ku labari, Dokta ya kawo wani kamfani suka cire kwaɗuna daga ƙofofin ciki, suka liƙa wa kowace ƙofa wani ɗan akwati mai ido. Ka dangwala babban yatsa, in ta yarda da kai ta nuna kore ta buɗe, in ba ta yarda ba ta nuna ja. Aka jera mu layi kamar ranar zaɓe, kowa ya ba da yatsansa. Nawa sai da aka gwada sau huɗu, wai ya yi kaushi. Mutumin kamfanin ya tsaya a gabanmu ya ce daga yau kowa ƙofar aikinsa ce kaɗai za ta buɗe masa, ya naɗe wayoyinsa ya tafi. Ni kuwa ina da wata al'ada tun zamanin kwaɗo: kullum bayan azahar abokin aikina ya karɓe ni a bakin get, ni kuma in zagaya in jijjiga kowane kwaɗo in tabbatar a kulle yake. To yanzu babu kwaɗon jijjigawa. Sai na ce bari in riƙa dangwala yatsana ina ganin ta ƙi ni, shi ne jijjigar zamani. Na fara da ɗakin ajiyar magani, wanda in ban da Dokta da mai kula da maganin babu mai hurumin shiga. Na ɗora yatsa ina jiran ja.

Sai ta nuna kore. Ta ce ƙit, ta buɗe.

'Ya'yana, azumi ake yi, kuma a tsakiyar bazara, irin zafin da kwalta ke kama takalmi. Ɗakin nan kuwa esi ne a ciki, na'urar sanyaya ɗaki, dare da rana saboda magunguna. Wata iska ta fito ta shafa mini fuska, na ji kamar an karanta mini bushara. Abin da ya kamata in yi na san shi kamar sunana: in ja ƙofa, in wuce wurin Dokta in ce Yallaɓai akwatinka ba shi da hankali. Da a wani wata ne sai in ce Shaiɗan ne ya rinjaye ni, amma malamai sun ce a ɗaure yake da azumi, saboda haka ni kaɗai ne. Na ce wa raina, Isuhu, shekara ashirin da shida ba wasa ba ce, Dokta ne ya ɗaga maka matsayi a asirce don kada sauran su yi hassada. Ai na'ura ba ta buɗe wa kowa haka kawai. Ranar farko a tsaye na sha sanyin, minti biyar. Rana ta biyu na zauna a kan wani kwali. Kafin a kai azumi goma na sami wani lungu a bayan firji, na shimfiɗa kwali, hulata ta zama matashi. Mai kula da maganin yakan tafi masallaci ya zarce hutu sai ƙarfe uku, ni kuma in yi abina in fito kafin ya dawo. Har ma wata rana nakan koma sau biyu, wai don in tabbatar ban manta da komai ba. Ido-Biyu ke nan, yana munshari a tsakanin kwalaben magani.

Ana saura kwana biyar salla, ranar Alhamis, aka ce Dokta na kirana. Na tarar da shi da Matiron, shugabar ma'aikatan jinya, ga wata doguwar takarda a kan tebur. Bai ce in zauna ba, abin da bai taɓa yi ba.

"Malam Isuhu, kwalin allurar kashe zafi ya ɓace a ɗakin magani. Irin wadda muke yi wa waɗanda aka yi wa tiyata, ka san kuma abin da 'yan shaye-shaye ke yi da ita."

"Subhanallahi! Yallaɓai, wane marar tsoron Allah ne?"

"Shi nake so ka gaya mini. Na sa an fitar da sunan wanda ya fi kowa shiga ɗakin a watan nan. Ba mai kula da maganin ba ne. Ba ni ba ne."

Ya turo takardar. Karatuna ba shi da yawa, amma sunana ko a juye aka rubuta shi ina gane shi. Ga shi nan a jere, layi bayan layi, da rana da lokaci, kamar ana kiran suna a aji. Dokta ya ce ba ya so ya kira 'yan sanda a kan mutumin da ya ga girman 'ya'yansa, amma maganin nan na hukuma ne, dole ya yi bayani. Ya ba ni zuwa Litinin, ranar da wata injiniya za ta zo duba na'urar. Ko in faɗi abin da ke kai ni ɗakin, ko ya miƙa takardar inda ta dace. Na fito.

Ranar Asabar da yamma, an sha ruwa, uwarku ta ga kunu ya huce a gabana ban taɓa ba, ƙosai ma ko kallo. Ta ajiye maficinta.

"Malam, kwana uku ke nan kana azumi bayan an sha ruwa. Ko wata sabuwar ibada ce ba a gaya mana ba?"

Na kwashe labari na gaya mata, amma na tsallake wajen kwalin da nake barci a kai. Na ce mata na yanke shawara zan ce na'ura ce ta yi kuskure, yatsan wani ta ɗauka nawa. Ai da ma sai da aka gwada nawa sau huɗu, kowa shaida ne.

"To ka shiga ɗakin ko ba ka shiga ba?"

"Ke Ladi, maganar ba a nan take ba."

"A nan take. Ka shiga?"

"Na ɗan leƙa."

"Leƙe sau talatin? Me kake yi a ciki?"

Na faɗa mata, a hankali, ina kallon ƙasa. Na ɗauka za ta yi salati. Matar nan dariya ta yi har sai da ta riƙe bango.

"Shi ya sa! Kowa ya dawo a yamutse kamar tsumma, kai ka dawo fuska shar. Wallahi Malam har na fara zargin kana shan ruwa a ɓoye."

"Ana maganar 'yan sanda kina dariya?"

"To ai abin ya zo da sauƙi. Abu biyu ne a gabanka, ɓarawo ko mai barci. Ɗauki ɗaya."

"In na ce barci nake, Ido-Biyu ya mutu ke nan. Ni da na sa aka kori Garba a kan gyangyaɗi? Da wane ido zan kalli mutane?"

"Da biyun nan naka, ai sun huta." Sai ta daina dariya. "Malam, ni zan iya zama matar mai barci, shekara nawa ina jin munsharinka. Amma 'ya'yana ba za su zama 'ya'yan ɓarawo ba, ba kuma za su zama 'ya'yan wanda ya yi ƙarya da azumi a bakinsa ba. Sha kununka."

Na sha. Amma kada ku ɗauka a nan na yanke hukunci. Har na shiga ofishin Dokta ranar Litinin ƙaryar na nan a ƙarƙashin harshena, a shirye. Na tarar da injiniyar, yarinya ce sa'ar babbar ɗiyata, da hijabi da tabarau, ta buɗe kwamfuta a kan tebur. Ta gaishe ni da ladabi, ta juyo mini da takardar.

"Baba, abu ɗaya nake so in fara sani. Duk inda sunanka ya fito a nan, kai ne ka dangwala, ko akwai ranar da ba kai ba ne?"

Ga ƙofar ƙarya ta buɗe mini ita ma, kore shar. Kalma ɗaya zan faɗa. Na dubi Dokta, na tuna fuskar uwarku lokacin da ta daina dariya.

"Ni ne, ɗiyata. Duka ni ne. Ko ɗaya ba ta yi mini ƙazafi ba."

"Me kake shiga yi?" in ji Dokta.

"Yallaɓai, barci."

Na ce a je bayan firji, za a ga kwalina a ninke, har da shatin kaina. Matiron ta je ta dawo da shi a hannu, ta sa gefen mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa. Dokta bai yi dariya ba. Ya ce barci ba ya hana sata. Nan ne injiniyar ta ɗaga hannu.

"Yallaɓai, kowa na tambayar me ya kai Baba ɗakin. Ni tambayata, me ya sa ƙofar ta buɗe masa? A kira mini duk wanda kuka tabbata ba shi da abin yi a can."

Aka kira Talatu mai shara, ta zo da tsintsiyarta tana ta rantsuwar ba ta yi komai ba. Muka ɗunguma zuwa ɗakin magani. Ta dangwala, kore. Muka je ɗakin da ake ajiye fayil ɗin marasa lafiya, inda asirin rabin unguwa yake, kore. Muka dawo ofishin Dokta kansa, aka rufe, ta dangwala, ƙit. Talatu ta dubi yatsanta kamar yau ta fara ganinsa.

"Ikon Allah! Ashe ni ma babba ce a gidan nan."

Dokta ya nemi kujera ya zauna. Injiniyar ta yi bayani, ni kuma zan faɗa muku yadda kaina ya ɗauka. Ta ce manhajar da ke tafiyar da ƙofofin nan aiki biyu gare ta, kuma kowanne da rumbunsa. Na farko tantancewa: ta duba yatsa ta tabbatar wannan Isuhu ne, ba wani ba. Wannan tana yin sa daidai. Na biyu izini: bayan ta san Isuhu ne, sai ta duba jerin da aka rubuta mata, wace ƙofa aka yarda wa Isuhu, wace aka hana shi. To waɗanda suka haɗa ta, lokacin gwaji sun rubuta a jerin izinin cewa duk wanda aka tantance ya shiga ko'ina, da niyyar su gyara daga baya, suka tafi ba su gyara ba. Ta ce ba a ƙofa kaɗai ba, haka yake a waya da kwamfuta: lambar sirri ko yatsa suna nuna kai ne, amma ba su ne ke faɗin iyakarka ba, kuma mafi yawan ɓarna daga haɗa biyun nan take zuwa. Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

"Wato ɗiyata, akwatin nan ya iya 'wane ne kai', bai iya 'wa ya ce ka shiga nan' ba."

Ta cire tabarau ta dube ni.

"Baba, abin da na yi shekara huɗu ina karantawa ke nan."

Saboda haka duk wanda ya sake ce muku kakanku a aji huɗu ya tsaya, ku gaya masa injiniya ta shaida yana da digiri, takardar ce kawai ba ta iso ba.

Daga nan ta ce tunda kowa na iya shiga, ba wanda ya fi yawan shiga za a nema ba, duk wanda ya taɓa shiga za a duba. Ta fitar da jerin gaba ɗaya. Can ƙasa, inda Dokta bai kai ba saboda sunana ya cika masa ido, ga sunan direban motar asibiti. Sau biyu kacal, duka ranar Juma'a, daidai lokacin da muke masallaci. Ba zan rubuta sunansa ba, yana da 'ya'ya su ma. Aka kira shi. Ya dubi takardar, ya ɗaga kai, ya faɗi maganar nan da na kwana huɗu ina dakonta:

"Yallaɓai, na'ura ce ta yi kuskure. Yatsan wani ta ɗauka nawa."

Injiniyar ta ce masa a hankali, ga dattijo nan ya tabbatar da bakinsa cewa duk layin da na'urar ta rubuta a kansa gaskiya ne, da rana da lokaci, alhali shi ne mai yatsan da ya fi na kowa wahalar karantawa. In ba ta yi kuskure a kansa ko sau ɗaya ba, ta yaya za ta yi a kan naka har Juma'a biyu? Kafin la'asar aka zaro ragowar allurar daga ƙarƙashin kujerar motar. Ku lura da kyau, 'ya'yana: da na yi ƙaryar nan, da na gina masa ƙofar fita da hannuna, ni kuma in zauna a ciki har abada.

Da kowa ya watse Dokta ya ce in tsaya. Wannan karon ya ce in zauna.

"Malam Isuhu, ka fita daga zargi, kuma na ji daɗi fiye da yadda kake tsammani. Amma ina da tambaya ɗaya. Na'ura ta gane ka, na yarda. Wa ya ce ka shiga?"

Tambayata ce. Shekara ashirin da shida ina jifan mutane da ita, har da yayansa. Na ce, "Babu, Yallaɓai." Ya dakatar da ni mako biyu, na yi sallar a gida uwarku na yi mini sannu da hutawa safe da yamma. Ranar da na koma, bayan azahar, na fita zagayena. Na je ƙofar ɗakin magani na ɗora yatsa. Ta nuna ja. Wallahi tunda nake ban taɓa jin daɗin an ƙi ni ba sai ranar. Na tsaya a cikin zafin nan ina murmushi ni kaɗai, gumi na bin bayana.

Saura abu ɗaya, kuma shi ya fi nauyi. Na yi cigiyar Garba har na same shi yana sayar da rake a bakin Babbar Kasuwa. Na tsuguna a gabansa, da furfurata, na gaya masa komai, na ce ya yafe mini. Ya gama fere raken da ke hannunsa. Sai ya miƙo mini gutsure.

"Na yafe, Isuhu, tun tuni. Raken nan ya fi mini gadi. Abu ɗaya ne ke ci mini rai. Ni a rana na yi nawa barcin, a kan benci, ƙuda na bina. Kai kau sai da ka zaɓi mai sanyi." Ya juya ya ƙwala wa maƙwabtansa kira. "Jama'a, ku zo ku gaida Baba Sanyi!"

Kafin mako ya zagayo sunan ya riga ni isa Unguwar Shanu, ya haye Rafin Guza, ya shigo har tsakar gidan nan. Ban taɓa hana kowa kirana da shi ba, don wanda ya raɗa mini shi yana da izini. To ga asalin magana. In wani ya sake cewa ubanku ya saci magani, ku ce masa ƙarya yake, barci ya sata, kuma ya biya. Ni na ajiye biro a nan. Azahar ta wuce, uwarku ta kunna fanka, kuma wannan karon na tambaya, ta ce in shiga.